Yadda na karanta Sifaniyanci a Kano daga aji biyar har na samu shaidar B2

Tun da labari ya bazu a unguwa cewa na ci jarrabawar Sifaniyanci, ƙannena na makaranta da wasu iyaye ke tare ni da tambaya iri ɗaya: a ina ake koyonsa a Kano, kuma wace jarrabawa ake zanawa har a samu takarda? Amsar ba ta yiwuwa a tsaye a bakin titi, shi ya sa na ga gara in rubuta ta daki-daki yadda ni na bi. Abin da ya kamata kowa ya fara sani shi ne, Sifaniyanci ba ya cikin WAEC, ba ya cikin NECO, ba ya cikin JAMB. Larabci yana nan, Faransanci yana nan, shi kuwa babu. Ma'ana makarantarku ba za ta ba ka malami ba, ba za ta ware maka lokaci a jadawali ba, kuma komai iyawarka babu gurbin da za a rubuta maka makinsa a katin sakamako. Da kanka za ka nemi malami, ka zaɓi jarrabawa, ka kuma tsara lokaci a gefen karatun da ya zama dole.

Ni dai ƙwallo ce ta ja ni, ba wani dogon buri ba. A gidan kallon unguwarmu a Gwammaja rabin mutane 'yan Madrid ne, rabi 'yan Barca, kuma idan an tashi wasa aka miƙa wa ɗan wasa makirufo, kowa sai ya fassara abin da ransa ke so ya ce shi ya faɗa. A dogon hutun da muka samu bayan jarrabawar aji uku na sauke wata manhajar koyon harshe a tsohuwar wayar yayana, na ci gaba da latsa ta har ƙarshen aji huɗu. Ta yi mini rana, don a ƙarshen shekarar ina iya gaisuwa, ina iya karanta kanun labarin wasanni, ina haɗa gajerun jimloli. Amma iyakarta ke nan. Manhaja tana kai mutum bakin ƙofa ne kawai, kuma wanda ya ce da ita kaɗai zai kai matakin gaba yana ɓata wa kansa lokaci.

Da muka shiga aji biyar, wato SS2, a watan Satumban 2023, na nemi ganin shugaban makarantarmu. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Yaro, abin kirki ne, amma mu nan ba mu da mai koyar da shi. Je ka ga malamar Faransanci, ita ta san yadda harkar harsunan Turai take." Wannan turawar ita ce mafi amfanin abin da ya same ni a zangon. Malama ta zaunar da ni a ofishin malamai ta zana mini tsani mai hawa shida a bayan takarda: A1, A2, B1, B2, C1, C2. Ta ce da wannan ma'aunin ake auna Faransanci da Jamusanci da Sifaniyanci duka, kuma B2 shi ne matakin da mutum zai iya bin lacca, ya yi muhawara, ya rubuta wasiƙar hukuma ba tare da an riƙe masa hannu ba. Ta ce masu Faransanci suna da gata a Kano tunda akwai Alliance Française, ni kuwa sai na tashi tsaye. Daga nan ta lissafa mini hanyoyin samun shaida. Akwai ta Cambridge, IGCSE da A Level, da ake yi sau biyu a shekara. Na je ofishin da ke karɓar rajistar masu zaman kansu na yi tambaya, aka yi mini bayani da kyau: kafin a karɓi rajistar harshe sai an tabbatar da wanda zai yi gwajin baki idan matakin yana da shi, kuma A Level ɗin yana haɗe da littattafan adabi da za a karanta a yi sharhinsu. Kuɗin da aka nuna mini kaɗai ya sa na ja da baya. Akwai kuma tsarin IB, wani tsarin karatun sakandare na ƙasa da ƙasa, wanda shekara biyu ake yi, amma sai kana ɗalibin makarantar da ke bin tsarin, ba a shiga daga waje. Ta uku ita ce DELE, shaidar da Instituto Cervantes ke bayarwa da sunan ma'aikatar ilimin Sifaniya. An kafa cibiyar a 1991 don yaɗa harshen a duniya. Ba ruwan DELE da makarantar da kake, ba ruwanta da inda ka koya. Ka zaɓi mataki, ka biya, ka zauna. Idan ka ci, takardar ba ta lalacewa har abada. Tana da ƙanwa mai suna SIELE da ake yi a kwamfuta, sakamakonta yana fitowa cikin mako uku, amma shekara 5 kawai take aiki. Ni da nake aji biyar ban san yaushe zan buƙaci takardar ba, sai na tsaya a kan DELE.

Saura Baba. Na same shi bayan sallar isha'i a zaure, Baffa yana wurin. Da na gama bayani Baba ya dube ni ya ce, "Kai da kake cewa likita za ka zama, me ya haɗa ka da yaren 'yan ƙwallo?" Baffa ne ya cece ni. Ya ce, "Yaya, ai Ishiriniyar nan da kuke yi duk Maulidi, mai ita Alfazazi haifaffen Ƙurɗuba ne, garin kuwa yana nan a Sifaniya har gobe. Musulmi sun yi mulki a ƙasar tun 711, ba su fita daga Garnaɗa ba sai 1492." Ya ƙara da cewa ƙasashe 20 ne ke aikin hukuma da harshen, ciki har da Ikwatoriyal Gini da ke nan kusa da mu, kuma masu jin sa tun daga nono sun kusa miliyan 500. Baba ya yi shiru, sannan ya gindaya sharaɗi biyu: kada in fasa Islamiyya ko sau ɗaya saboda shi, kuma ranar da makina na kimiyya ya sauka, ranar an rufe maganar.

Neman malami ne ya fi cin lokaci. Na zaga masu littattafai a kasuwar Sabon Gari, Faransanci ko'ina, na Sifaniyanci sai wani ƙaramin ƙamus da ya sha rana. An haɗa ni da wani bawan Allah da ya yi zaman kasuwanci a Malabo ta Ikwatoriyal Gini, bakinsa yana zuba kuwa, amma da kansa ya ce mini ciniki ya iya, ba nahawu ba. A ƙarshe ta hannun wani mai kemis abokin Baffa aka samo mini wani likita da ya yi karatunsa a Kyuba da tallafin karatu. Wannan shawara ce da zan ba kowa a Kano: ka nemi waɗanda suka yi likitanci a Kyuba, domin kafin su fara darasin likitanci sai da aka zaunar da su aka koya musu harshen, sannan suka yi shekaru suna duba marasa lafiya da shi. Ranar farko a gidansa da ke Tarauni, bayan mun gaisa, sai ya juya harshe ya yi ta magana na 'yan mintuna. Ban tsinci komai ba sai sunana. Ya ɗauki takardar rubuta magani ya rubuta abin da ya faɗa, na karanta na gane kusan duka. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, idonka ya riga kunnenka da shekara guda. Aikinmu shi ne kunnen ya kamo shi." Muka daidaita a kan yammacin Alhamis da Juma'a, tunda ranakun ba a Islamiyya, naira dubu 15 a wata. Kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa kuwa Umma ce ta ɗauki nauyinsa daga cinikin ƙanƙara da zoɓo.

Abin da Likita ya fara hana ni shi ne bi ta Turanci. Ya ce Bahaushe ya fi Baturen Ingila kusa da Sifaniyanci, bai dai sani ba ne. Wasulansu biyar ne, a, e, i, o, u, kuma yadda aka rubuta haka ake furtawa, kamar bokonmu. Ra mai kaɗawa da ke wahalar da Turawan Ingila muna da ita a baki tun muna yara. Harafin j nasu shi ne kha ɗin da muka koya a tajwidi, z ɗin mutanen Madrid kuma tha ce. Sunayensu suna da namiji da mace, mafi yawan masu ƙarewa da a mata ne, kamar riga da mota da hula a wurinmu, kuma su ma suna da 'yan tawaye irin su día da problema waɗanda maza ne, yadda gida da ruwa suke a Hausa. Inda abin ya fi burge ni shi ne abin da suke kira subjuntivo, dodon duk mai neman B2, wanda littattafan da aka rubuta wa masu Turanci ke cika shafuka suna bayaninsa. Likita ya ce in faɗi "ina so ka zo", in faɗi "don ya gani", in faɗi "kada ka tafi", in faɗi "Allah ya kai mu". Ya ce duk inda Bahaushe ya yi amfani da wannan sigar ta fata da umarni da nufi, to kusan a nan su ma suke amfani da tasu: quiero que vengas, para que vea, no te vayas. Ba ko'ina suke dacewa ba, akwai wuraren shakka da sharaɗi da sai an haddace su daban, amma rabin wahalar ta tafi a yamma ɗaya. Haka ya raba mini lokutan baya guda biyu da "na ci" da kuma "ina cikin ci" ko "a da nakan ci".

Ba duka ne ya zo da sauƙi ba. Harafin p ya ba ni aiki, don bakin Bakano yana son mai da shi f, kuma a Sifaniyanci haruffa biyu ne daban masu canza ma'ana. Likita yakan sa ni maimaita jimla ɗaya har sai leɓɓana sun koyi haɗuwa. Ser da estar, da por da para, kalmomi biyu-biyu masu kusancin ma'ana da ke rikita mai koyo, su kam babu gajeriyar hanya, sai yawan karatu da gyara. Ga aikatau marasa bin ƙa'ida, waɗanda na rubuta a ƙananan katuna ina bitarsu a cikin adaidaita. Littafin darasi kuwa hoto Likita yake turo mini ta WhatsApp, in kai wa masu fotokwafi na bakin tsohuwar jami'ar Bayero su buga su ɗinke.

A zango na biyu wata matsala ta fito. Kunnena ya saba da bakin Likita, bakin Kyuba ke nan, mai sauri da haɗiye s a ƙarshen kalma. Da na kunna labaran gidan talabijin na Sifaniya, RTVE, sai na ji kamar wani harshe daban. Likita da kansa ya ce jarrabawar tana kawo muryoyi daga ƙasashe dabam-dabam, don haka dole in rarraba kunne. Sai na tsara wa kaina: labaran Sifaniya da asuba bayan salla, hirarrakin 'yan Meziko da Kolombiya da dare, 'yan Ajantina kuma ranar Lahadi, don su nasu furucin daban ne. Da datar dare mai rahusa nake sauke su, in saurara sau ɗaya babu rubutu, sannan in saurara ina rubuta abin da na ji. Magana kuwa kullum sai na tura wa Likita saƙon murya na minti biyu a kan wani batu da zai ba ni, ya saurara tsakanin marasa lafiya ya dawo mini da gyara. Na so in ɗauki malami ta intanet don ƙarin hira, amma a lokacin yawancin bankuna sun rufe biyan kuɗin waje da katin naira, ga dala ta tashi tun da aka saki naira a tsakiyar 2023. Sai na samu wani ɗalibi ɗan Kolombiya mai son koyon Turanci muka riƙa musaya, rabin lokaci nasa, rabi nawa. Baba ya ce a zaure za a riƙa yi yayana yana kusa, kuma ina ganin duk mai ƙani ko ƙanwa da ke irin wannan hira da baƙo ya kamata ya yi haka.

A zango na uku muka fara gwaji da tsofaffin takardun da Instituto Cervantes ke sakawa kyauta a shafinta, har da muryoyin. A nan na gane yadda ake lissafin maki, kuma wannan ne abin da nake roƙon kowa ya fahimta kafin ya biya ko kwabo. Gwaji huɗu ne, karatu da sauraro da rubutu da magana, kowanne maki 25. Amma ba haɗa su ake yi a ce ka samu 60 cikin 100 ka wuce ba. An raba su gida biyu: karatu da rubutu gida ɗaya, sauraro da magana gida ɗaya, kuma dole ka samu 30 cikin 50 a kowane gida. Wanda ya samu 45 a gidan farko da 28 a na biyu ya faɗi, duk da jimillarsa 73. Mu da muka tashi a tsarin haddacewa da rubutawa, gidan farko ba ya ba mu tsoro. Na biyun ne ke kayar da mutum, kuma shi ne wanda zaman Kano ba ya taimaka masa, tunda ba za ka ji harshen a kasuwa ko a rediyo ba. Kuma babu wani ta'aziyyar a ce ka faɗi B2 sai a ba ka B1. Matakin da ka biya shi kaɗai ne, ko ka ci ko ka tashi a tutar babu. Na so in tsaya a B1 don tsoro, Likita ya duba makin gwajina ya ce in muka mai da hutun ƙarshen shekara na sauraro da magana zalla, B2 za ta yiwu.

Sai zaɓen lokaci. Ana yin jarrabawar sau da dama a shekara, amma ba kowace cibiya ke buɗe kowane zama ba, manyan su ne na Mayu da na Nuwamba. Ga ɗan aji shida Mayu ba ta taso ba, don tsakiyar WAEC ke nan, NECO na biye, JAMB kuma ba a daɗe da gamawa ba. Nuwamba ce kaɗai, zangon farko na SS3, kafin darussan ƙarin lokaci su cinye yamma. A shafin jarrabawa na Cervantes akwai jerin cibiyoyi ƙasa-ƙasa. Babu Kano a ciki lokacin da na duba, mafi kusa da na samu tana Abuja. Yayana ya rubuta musu imel, suka amsa da fom da ranar rufe rajista, farkon Oktoba, wato kusan mako shida kafin jarrabawa. Suka kuma ja kunne cewa shaidar da aka rubuta lambarta a fom ita za a zo da ita ranar jarrabawa, kuma sunan da ke jikinta shi za a buga a takarda harafi da harafi.

Wannan ya kai mu ga fasfo. Katin makaranta ba shaidar hukuma ba ne, ga shi an rubuta sunana a jikinsa da wani salo daban da na takardar haihuwa. Tunda takardar ta waje ce kuma wata rana da fasfo za a haɗa ta, Baffa ya ce a yi fasfon kawai a huta. Mun so farawa a Agusta, sai zanga-zangar farkon watan ta zo da dokar hana fita a Kano, harkar kasuwar Baba ta tsaya, maganar ta koma Satumba. Kafin nan kuɗin fasfo mai shafi 32 na shekara 5 ya koma naira dubu 50 daga 1 ga Satumban 2024. A Satumban 2025 an ninka shi zuwa dubu 100, don haka mai shiri yanzu ya san da wannan. Abin da aka nema a wurina, tunda ban kai 18 ba: lambar NIN, takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya, takardar shaidar ƙaramar hukuma, wasiƙar amincewar Baba da kwafin shaidarsa, da hotuna. An cike fom an biya ta intanet, aka ba mu ranar ɗaukar hoto da zanen yatsu. Ranar mun yi sammako, muka tarar da layi ya riga mu, ba mu fito ba sai bayan azahar. Jiran fitowarsa ne ya hana ni barci, ina ƙirga kwanakin rufe rajista, amma ya fito da sauran 'yan kwanaki a hannu.

Rajistar kanta ba ta da wuya. Baba ne ya sa hannu a fom, domin ƙaramin yaro iyayensa ne ke yi masa rajista. Aka biya kuɗin a banki, muka ɗauki hoton rasit da shafin fasfo da fom muka tura, suka dawo mana da takardar tabbaci mai ɗauke da lambar rajista. Ka adana wannan lambar a wuri fiye da ɗaya, da ita ake duba sakamako. Kuɗin yana bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa da mataki zuwa mataki, kuma yana tafiya da canjin yuro, don haka ka tambayi cibiyar da kanka. Mu dai abin da muka biya ya fi kuɗin WAEC da NECO da JAMB ɗina a haɗe, sai da Baffa ya sa hannu a aljihu.

A ƙarshen Oktoba wutar lantarki ta ɗauke a yawancin Arewa sama da mako guda, daidai lokacin da nake buƙatar sauraro dare da rana. Wurin masu cajin waya ya cika maƙil, kuɗin caji ya tashi. Sai na kwashe duk muryoyin na zuba a katin memori, na sa a 'yar rediyon nan mai batir da tsofaffi ke jin wa'azi da ita. Abin ya zame mini alheri, domin na daina sa abin kunne, na koma ji daga lasifika da hayaniyar gida a gefe, kuma haka aka kunna mana a ɗakin jarrabawa.

Ana saura kwanaki kaɗan aka turo takardar kira, sai ga shi gwajin baki Juma'a da yamma, na rubutu Asabar da safe. Wannan yana faruwa, ba lallai su faɗo rana ɗaya ba, don haka kada a tsara tafiya sai an ga takardar. Baba ya rubuta wa makaranta wasiƙar neman izini, ni da yayana muka shiga mota a tashar Unguwa Uku ranar Alhamis, kusan dubu 20 kowannenmu, muka bi ta Zariya da Kaduna muka sauka gidan Gwaggo a Kubwa. Bayan sallar Juma'a muka isa cibiyar. Aka duba fasfo, aka kai ni wani ɗaki aka ba ni minti 20 na shiri da takarda da biro. Aiki uku ne. Na farko an ba ka wata matsala da shawarwarin magance ta, ka auna amfanin kowace da illarta. Cikin biyun da aka miƙo na ɗauki ta cunkoson ababen hawa a birni, don wanda ya san Ƙofar Ruwa da yamma ba ya rasa abin faɗa. Na biyu hoto ne, ka ƙirƙiro abin da kake jin yana faruwa a cikinsa. Na uku ba a shirya masa, ƙuri'ar jin ra'ayi ce za a nuna maka a ciki ka faɗi naka ka kwatanta. Mutum biyu ne a ɗakin, mai yi maka tambaya a gabanka, da wata a gefe da ba ta cewa komai sai rubutu. Mai tambayar ya fara da tambayata ko in fi son tú ko usted, wato a yi hira ta sabo ko ta girmamawa. Tarbiyyar gida ta sa na zaɓi usted. Muryata ta yi rawa a minti na farko, amma da na shiga bayanin adaidaita sahu da yadda suke tsayawa a tsakiyar titi, sai na ga ya yi murmushi ya fara jefo tambayoyi na gaske, daga nan na manta da mai rubutun. Duka minti 20 ne. Abin da Likita ya nanata mini ya yi aiki: idan kalma ta ɓace kada ka yi shiru, ka zagaya ka bayyana ta da wasu kalmomin.

Asabar aka fara da karatu, minti 70, tambaya 36. Sashen da ya fi cin lokaci shi ne wanda aka cire jimloli daga cikin rubutu aka ce ka mayar da kowace gurbinta, an kuma ƙara na bogi a ciki. Sai sauraro, minti 40, tambaya 30, kowace murya sau biyu ake kunnawa. A nan gumi ya karyo mini, domin wata hira da wani ɗan Ajantina ta wuce ni a karon farko kusan gaba ɗaya, sai a na biyu na kamo bakin zaren. Amsar kuskure ba ta rage maki, don haka ban bar gurbi ko ɗaya ba. Da fensir ake cike waɗannan biyun, ka zo da naka da magogi. Bayan ɗan hutu aka shiga rubutu, minti 80, da biro. Aikin farko an kunna mana wata sanarwa muka ɗauki bayanai, sannan muka rubuta wasiƙar hukuma a kanta. Na biyu maƙala ce, zaɓi ɗaya cikin biyu. Kowanne kalma 150 zuwa 180, kuma wanda bai saba ƙiyasta tsawon rubutunsa da ido ba zai ɓata lokaci wajen ƙirga. Ranar Lahadi muka kamo hanyar Kano, Litinin ina aji ana gwajin Physics.

Sakamako yana ɗaukar kusan wata uku. Nawa ya fito a Fabrairun 2025, muna tsakiyar rajistar JAMB. A wayar yayana muka buɗe shafin, aka sa lambar rajista da ranar haihuwa, sai ga kalma ɗaya, APTO, wato an ci. A gidan karatu da rubutu na samu 39, a gidan sauraro da magana 32. Maki biyu kacal a saman layi, bayan wata da watanni ina ba kunne da baki fiye da rabin lokacina. Da na raba lokacin daidai tsakanin gwaje-gwajen huɗu, da labarin ya sha bamban. Wanda bai fara da wuri kamar ni ba, ko bai samu abokin hira ba, gara ya zauna B1 a aji shida ya bar B2 sai bayan NECO. Ba abin kunya ba ne, kuma ya fi asarar kuɗin rajista da na mota. Ga 'yan mata kuma, babu abin da ya hana a haɗu uku ko huɗu a ɗauki malami ɗaya yana zuwa gida, kuɗin ma ya fi sauƙi.

Kada kuma a ɗora wa takardar abin da ba nata ba. Ba ta ƙara maki a JAMB, ba biza ba ce, ba kuma gurbin karatu ba ce. Shaida ce kawai cewa ka iya harshen, wadda jami'o'in Sifaniya da yawa ke nema daga baƙi. Mai son karatu a can sai ya nemi ma'aikatar iliminsu ta daidaita masa shaidar sakandarensa da tasu, abin da suke kira homologación. Tunda Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar tambarin Apostille, wanda ke sauƙaƙa karɓar takardun hukuma tsakanin ƙasashe, takardar WAEC sai ta bi ta ma'aikatar ilimi ta tarayya da ta harkokin waje a Abuja, sannan ofishin jakadancin Sifaniya, kuma sai mai fassara da hukumarsu ta rantsar ya juya ta. Bayan haka, kwasa-kwasai masu gasa irin likitanci suna buƙatar jarrabawar PCE da jami'ar UNED ke shiryawa, ta Biology da Chemistry da makamantansu, da zama a wajen Mayu zuwa Yuni da kuma Satumba. B2 ba ta koya maka sunayen gaɓoɓin jiki ko na sinadarai ba. Ni yanzu ina neman gurbi a nan gida kamar kowa, ranar Alhamis da Juma'a kuma ina gidan Likita muna bin tsofaffin littattafansa na shekarar farko a Havana, babban birnin Kyuba, mun gama ƙwayar halitta mun shiga zagayawar jini.